Ba Kowane Ji Ne Ke Tsirar Da Jiki Ba

Hausawa na cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, amma abin da ya auku a Nijeriya cikin watan Agusta na 2014 ya isa ya sa mai hankali ya sake auna wannan magana.

A ran 20 ga Yuli na shekarar, wani mutumin Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka Ikko ɗauke da cutar Ebola, tsoro kuwa ya game ƙasa. Kafin a cika mako uku sai ga saƙo ya bazu ta wayar hannu da dandalin intanet, wai duk wanda ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha kafin gari ya waye, ya kuɓuta. Cikin dare ɗa ya riƙa tashin uwa, wa yana buga wa ƙane waya, kowa na gudun kada nasa ya makara. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ƙaryata zancen, amma aikin gama ya riga ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa aƙalla mutum biyu sun rasu saboda shan ruwan gishirin, ban da waɗanda aka kwantar a asibiti, domin gishiri mai yawa yana ta da hawan jini, ba ya kuwa kashe ƙwayar cutar.

Abin lura shi ne, Ebola ba ta wuce Ikko da Fatakwal ba, inda mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Gishiri kuwa ya kayar da mutane har a garuruwan da cutar ba ta taɓa takawa ba. Abin da ya kawar da ita shi ne bin sawun duk wanda ya cuɗanya da majinyaci ana duba shi har kwana 21, har aka tabbatar ƙasa ta rabu da ita ran 20 ga Oktoba.

To, ƙarfin jita-jita yana ga bakin da ta fito. Takan zo ne ta hannun ɗan'uwa ko aminin da ba a zarginsa, alhali shi ma tura masa aka yi. Ƙaunar mai aikowa ba ta zama shaida a kan gaskiyar saƙo ba.

Saboda haka kafin mutum ya tura wa wani labari, ya kamata ya tambayi kansa wanda ya fara faɗinsa, da inda ya faɗa, da ko hukumar da aka jingina wa zancen ta faɗe shi da bakinta. Saƙon da ke cewa a yi maza a yaɗa, ko wai hukuma na ɓoye gaskiya amma bai kawo hujja ba, shi ne ya fi bukatar a dakata masa. Jinkirin sa'a guda a tambayi likita bai kai asarar rai tsada ba, matambayi kuwa ba ya ɓata.