Haukan kare: zuba guba ba zai raba mu da cutar ba

Duk lokacin da mahaukacin kare ya ciji yara a wata unguwa, mun san abin da ke biyo baya: samari su fito da sanduna, hukumar magajin gari ta sa a zuba nama mai guba, a kwashe mushe, ƙura ta lafa. Bayan ƴan watanni sai a sake jin wani cizo. Mi ya sa wannan hanya ba ta kawo ƙarshen matsalar ba?

Bisa ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya OMS, cutar haukan kare na kashe mutane kimanin dubu 59 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa, daga kare suke ɗauka. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabba, tana shiga ta wurin cizo ko yakushi, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, amma da zarar mutum ya fara tsoron ruwa da firgita, da wuya ya tashi.

Abin da muke mantawa shi ne, yawancin karnukan da ke yawo bisa titunan Maraɗi, Damagaram ko Tawa suna da gidan da suke kwana. Na gadi ne, ko na farauta, ko na tsaron bisashe. Guba ba ta bambanta mai rigakafi da marar rigakafi, kuma in karen gida ya mutu, maigida sai ya ɗauko sabon kwikwiyo wanda bai taɓa ganin allura ba. Kenan an koma gidan jiya.

Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Maƙwabtanmu na Cadi sun gwada: a 2012 da 2013 an yi wa karnukan birnin Njamena rigakafi kyauta, aka kai wannan adadi, cutar ta lafa. Daga baya ta sake shigowa ta hanyar karnukan da ke zuwa daga wajen birni. Darasin a fili yake: aikin yana ci, amma sai an ɗore da shi har karkara.

A nan Nijar ma'aikatan kiwo na fita kowace shekara yi wa bisashe rigakafi. Muna ganin lokaci ya yi da za a sa karnuka cikin lissafi, musamman ganin ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a daina mutuwa daga cizon kare.

Kafin nan, akwai nauyin da ke kan mai kare ko mussa. Da kwikwiyo ya kai wata 3 a kai shi wurin likitan dabbobi, a riƙa maimaita allurar yadda ya tsara, a adana takardar. Karen da ya canza hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar, a nisance shi, a kira ma'aikatan kiwo.

In kuwa cizo ya auku, a wanke wurin nan take da ruwa da sabuni tsawon minti 15. Kada a sa toka, barkono ko ƙasa. A garzaya likita ranar, ba sai an ga alama ba, kuma a cika alluran da aka rubuta. In karen na gida ne, a ɗaure shi likitan dabbobi ya sa masa ido aƙalla kwana 10, amma kada jiran ya hana fara allura. Mu kuma koya wa ɗiyanmu su faɗa ko da yakushi ne, domin yaro kan ɓoye don tsoron duka.

Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro na farko da wannan allura a Faransa, kuma tun 2007 duniya ke tuna cutar kowace ranar 28 ga watan Satumba. Magani yana nan. Abin da ya rage shi ne magadan gari su juya kuɗin guba zuwa allura, mu kuma masu karnuka mu fito da su ranar da aka kira.