Hoton Asibiti: Gani Ya Kori Ji

Akwai cuta iri biyu waɗanda kunya ta kan rufe su har su gagari magani. Ɗaya ita ce ƙullin da kan fito a maman mace. Ɗaya kuwa ita ce damuwar hanyar bawali, watau jini cikin fitsari, ko tsakuwa a ƙoda, ko fitsari ya riƙa tsayawa. Mace ta kan yi wata da watanni tana jin ƙulli ba ta faɗa wa kowa ba. Dattijo ya kan shekara yana wahala a bayan gida, ɗansa na cikinsa bai sani ba. Ran da magana ta fito kuwa, mutum biyu ake fara nema: maigida, don shi ke ba da izini da kuɗin mota, da malam, don shi ake tambaya ko abin ya halatta. Saboda haka wannan magana tasu ce. Abin da ake so a tabbatar shi ne, in likita ya ce a je a ɗauki hoto, to, gaggautawa ita ce daidai, jinkiri kuwa hasara ne. Amma fa a tafi da sanin abin da za a yi, da abin da ya wajaba a faɗa kafin a yi shi.

Ɗan kasuwa ba ya cinikin biri a sama. Ba ya biyan kuɗin dila sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. To, likitocin dā ba su da hanyar kwance jikin mutum su duba sai da wuƙa. Iyakarsu su taɓa da hannu, su riƙe jijiya, su ɗaga fitsari cikin kwalba su dubi launinsa. Duk da haka sun gane muhimmancin lokaci. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya bayyana cikin littafinsa Attasrif cewa ana iya cire sankara tun tana ƙarama a wuri irin mama, amma in ta tsufa ta yaɗu, shi bai taɓa warkar da ita ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Shekara dubu ke nan, hukuncin bai sake ba. Abin da ya sake shi ne yanzu akwai hanyar ganin ta tun tana ƙarama.

Asalin wannan hanya a Jamus ne. A cikin shekara ta 1895 wani masani, Wilhelm Röntgen, ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani, yana ratsa nama amma ƙashi na tare shi. Shi ne ake kira eksire. Inda hasken ya wuce, takardar hoto ta yi baƙi. Inda aka tare shi, ta yi fari. Ƙashi ya fito sarai, amma ƙoda da mafitsara nama ne da ruwa, sai suka ɓace cikin sauran kayan ciki. Sai aka shiga neman abin da za a sa cikin jiki ya tare hasken na ɗan lokaci. A 1923 likitoci a Amurka suka lura cewa marasa lafiyar da aka ba gishirin aidin mafitsararsu tana fitowa a hoto. A 1929 wani saurayin likita, Moses Swick, yana aiki a birnin Balin, ya nuna wani haɗin aidin wanda ake ɗurawa ta jijiya, ƙoda ta tace shi, hanyar bawali ta fito fili. Wannan shi ne ruwan hoto. Turawa su kan kira shi rini, amma sunan bai dace ba ƙwarai. Babar marina tana kama tufa har ya tsufa. Wannan kuwa kamar ruwa yake a ido, ba ya rina kome, kuma mai lafiyar ƙoda yana fitsarar da kusan dukansa cikin kwana guda.

Ga yadda ake yi. A kan fara ɗaukar hoto ɗaya ba ruwa. Sa'an nan a ɗura ruwan a jijiyar hannu. Mutum ya kan ji ɗumi ya ratsa shi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya ji kamar fitsari ya kufce masa alhali bai kufce ba. Duk wannan yana wucewa nan da nan. Bayan 'yan mintoci a ɗauki hoto, a ƙara ɗauka, har a ga ruwan ya fito daga ƙoda biyu, ya bi magudana biyu, ya taru a mafitsara. In tsakuwa ta tsaya a hanya, a ga inda ruwan ya tsaya. In magudana ta tsuke, a ga tsukewar. In ƙoda ɗaya ta daina aiki, ita ba ta yin fari. Ga wanda fitsari ke fita masa da ƙyar, a kan sa ruwan ta mafitar bawali don a ga inda hanya ta ƙuntata.

Mutanen ƙasar Hausa suna da dalili na musamman na kula da wannan, shi ne tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta shiga fatar mai wanka a kududdufi ko mai aiki a fadama, ta riƙa zuba ƙwai a bangon mafitsara. An saba ganin yaro yana fitsarin jini har an ɗauke shi ba kome ba. Ƙwayar praziquantel tana kashe tsutsar, amma ba ta goge tsohon tabo. Shekaru suna tafiya, mafitsara ta yi tauri, magudana ta tsuke, fitsari ya koma baya ya kumbura ƙoda, wani ma ya kai ga sankarar mafitsara. Duk wannan yana faruwa a ɓoye, hoto ne ke tona shi. Lalle babban mutum wanda ya ga jini cikin fitsarinsa, ko da ba zafi, ko da sau ɗaya ne, bai kamata ya ce tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo ya yi shiru ba.

A sani kuma ba kowane hoto ke bukatar ruwa ba. Akwai sikanin, wanda likita Ian Donald na birnin Gilasgo ya bayyana amfaninsa a 1958. Shi da amon sauti yake aiki, ba eksire a cikinsa, shi ya sa ake yi wa masu ciki. Yana nuna kumburin ƙoda, da kaurin mafitsara, da girman tsokar nan ta wuyan mafitsara da kan tsare wa dattawa fitsari. Yana da sauƙin kuɗi, da shi a kan fara. Akwai kuma siti sikan, wanda aka fara gwadawa ga mara lafiya a Landan a 1971. Shi yana nuna jiki yanka-yanka kamar an yanka albasa. Don neman tsakuwa ana yin sa ba ruwa. Don neman ƙari a ƙoda sai da ruwa. A manyan asibitoci ya karɓe mafi yawan aikin tsohuwar hanyar da aka bayyana a sama. Likita ne ke zaɓar wanda ya dace, mara lafiya ba ya zaɓa da kansa don ya ji wani ya yi.

Sai maganar mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama a duniya, 670,000 suka rasu. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kowace yawa ga mata, kuma mafi yawansu ba su isa asibiti sai ciwo ya yi nisa. Hoton mama na eksire shi ake kira mamogiram. Tun a 1913 Albert Salomon ya fara gwada shi a Balin, aka yi ta gyara har aka ƙera masa na'ura tasa cikin shekarun 1960. Ana matse mama tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauki hoto biyu a kowane gefe. Matsin yana da ɗan zafi, amma ba ya cutarwa, kuma ba allura, ba ruwa. Yana nuna ƙullin da hannu bai isa ya ji ba, da wasu ɗige-ɗige farare ƙanana kamar tsabar gishiri waɗanda wani lokaci su ne farkon alamar cuta. Mace mai ƙuruciya, da mai ciki, da mai shayarwa, da sikanin a kan fara musu, don naman mamansu yana da kauri, eksire ba ya rarrabewa sosai. In abu ya rikice, akwai hoton maganaɗisu, wanda ake yi da wani ruwa dabam mai suna gadoliniyam, aka fara amfani da shi a 1988. Ya kamata mazaje su gaya wa iyalinsu cewa mafi yawan ƙullin mama ba sankara ba ne. Tsoron jin sakamako shi ke hana mata da yawa zuwa, alhali da yawansu labari mai daɗi za su ji.

Masu gudun ruwan hoto suna cewa ba a san abin da zai haifar ba. Maganarsu tana da tushe, ba a raina ta. Daga wajen 1930 har cikin shekarun 1950 an yi amfani da wani ruwa mai suna Thorotrast. Hotonsa yana da kyau, amma ya kan zauna cikin hanta da saifa, bayan shekaru masu yawa ya jawo wa mutane sankara, aka daina shi. A 2006 kuma aka gane cewa wasu irin gadoliniyam suna kawo taurin fata mai tsanani ga masu mataccen ƙoda. Amma abin lura shi ne likitoci da kansu suka gano waɗannan aibobi, suka kafa sharuɗɗa. Tun daga aikin Torsten Almén na ƙasar Suwidin a 1969 aka sami sabon irin ruwan aidin wanda jiki ya fi jurewa, shi ne ake amfani da shi yanzu. Ƙaiƙayi ko tashin zuciya ya kan sami kaɗan daga mutane. Mummunan tashi, irin na toshewar numfashi, yana da wuyar samuwa ƙwarai, shi ya sa ake ajiye maganinsa a ɗakin hoto, a kuma tsai da mutum ɗan lokaci kafin a sallame shi.

Abin da ke kan mara lafiya da mai rakiyarsa shi ne faɗin gaskiya. A faɗa in akwai ciwon ƙoda, ko ciwon sukari, ko hawan jini, don a auna jini a san ƙarfin ƙoda tukuna. A faɗa in ana shan ƙwayar metformin, don wani a kan sa ya dakata da ita kwana biyu. A faɗa in akwai asma, ko maƙoƙo, ko an taɓa yin irin wannan allura jiki ya ƙi ta. Mace ta faɗa in tana da ciki ko tana zato. A faɗi saiwa da sassaƙen da ake sha, kada a ɓoye don kunya, gama wasunsu suna gajiyar da ƙoda. Bayan an gama a sha ruwa da yawa. Mai shayarwa kuwa ba sai ta yaye ba, abin da ke shiga nono bai taka kara ya karya ba.

Game da hasken eksire, mamogiram guda bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kamar mako 7 ba. Siti sikan na ciki ya fi haka nesa, ya kai na kusan shekara 3, don haka ba a yin sa don marmari. Akwai kuma zancen nan da ya yaɗu, wai daji ba ya son ƙarfe. Hoto ba ya yanke hukunci shi kaɗai. In an ga abin shakka sai an ɗebi ɗan nama da allura an duba. Wannan allura ba ita ke yaɗa cuta ba. Abin da ke faruwa shi ne a kan zo bayan cuta ta riga ta yaɗu, in mace ta rasu sai a ɗora wa ƙarfe laifin da yake na jinkiri.

Saura tambayoyi biyu da ake kai wa malamai. Ta farko al'aura. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tsara cewa mace ce ke duba mace in akwai ta. In babu, namiji amintacce ya duba gwargwadon bukata, tare da miji ko muharrami ko wata mace amintacciya. Neman ma'aikaciya mace haƙƙi ne, amma rashinta ba hujjar komawa gida ba ce. Ta biyu azumi. A zamanta na Jidda a 1997 majalisar ta lissafa allurar da ba ta abinci ba, da ruwan hoton da ake sawa ta mafitar bawali, cikin abubuwan da ba su karya azumi. Sai dai tun da ana son shan ruwa bayan allurar, a shawarci likita game da lokaci, mara lafiya kuwa an san rangwamen da aka yi masa.

Gaskiya ne na'urorin nan sun taru a manyan garuruwa, irin su Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, kuɗinsu kuma yana yi wa talaka nauyi. Nan ne attajirai ke da rawar takawa. Wanda ya biya wa gwauruwa kuɗin hoto da na mota ya yi abin da za a daɗe ana gode masa. Wanda ya bar 'yarsa ta koyi aikin hoto ya warware wa dubban mata matsalar al'aura. Kuma kada a manta hoto ba magani ba ne. Wasu su kan karɓi takarda su sa ƙarƙashin katifa, suna jin an gama. Dole a mai da ita ga likitan da ya aika, a ji bayani, a bi abin da ya ce, a kuma adana ta don gwadawa da ta gaba.

Malamin da aka kawo wa mai ƙulli a mama ko mai fitsarin jini, ya yi mata addu'a, sa'an nan ya ce wa mijinta gobe da sassafe a kama hanyar asibiti. Maigida kuwa kada ya ce sai an gama girbi, ko sai ya dawo daga fatauci, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa a dace.