Lissafin Wuta A Cikin Mutum-mutumi

Ga shi yanzu mutum-mutumi, watau injin da ke aiki bisa umurnin kwamfuta, ya shiga masana'antu da asibitoci a ƙasashe da yawa. In ya tsaya cik, galibin mutane kwamfutarsa su kan ɗora wa laifi. Mu kuwa a ganinmu sau da yawa ciwon yana wajen lantarki ne: ko waya ta tsinke, ko makunni ya maƙale, ko kuwa wani sashe yana shan wuta fiye da rabonsa.

Bari mu kawo misali. A watan Janairu 1904 ba wanda ya yi mafarkin haka, amma bayan shekara ɗari daidai, ran 25 ga Janairu 2004, wani mutum-mutumi na Amurka mai suna Opportunity ya sauka a duniyar Mars. Da hasken rana ya ke cika batirinsa. Ba a daɗe ba injiniyoyi suka lura wuta tana raguwa da dare fiye da yadda suka ƙiyasta. Da suka bi lissafin sashe sashe, ashe makunnin abin ɗumama kafaɗar hannunsa ne ya maƙale a kunne. Da sanyi ya sauko sai ya kama shan wuta har gari ya waye.

To, ba makanikin da zai je can da sukudireba. Dabarar da suka yi ita ce su aika masa da sabon umurni, ya riƙa yanke batiri da dare, ya yi barci mai nauyi sai rana ta tashe shi. Amma fa da hasara a ciki, gama wani abin awo da ke jikinsa sai ya kwana cikin sanyi. Suka auna, suka zaɓi ƙaramar hasara.

Haka kuma a watan Nuwamba 2005 injin da ke juya kafaɗar ya ƙi motsi. Awo ya nuna wuta ba ta ratsa shi sosai, suka ƙara mata ƙarfi, ya motsa. Injin da aka shirya don aikin wata uku sai ga shi ya yi shekara 14, ya yi tafiyar kilomita 45, kafin guguwar ƙura ta rufe masa rana a watan Yuni 2018.

Akawun da ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san wannan aiki. In kuɗi suka yi giɓi ba a fasa akwati, shafi shafi a ke bi har a ga inda ya yoye. Saboda haka muna roƙon malaman makarantun sana'a su koya wa yara awo tun kafin kwance-kwance. Yaro ya rubuta abin da kowane sashe ke sha sa'ad da injin ke lafiya, don ran da ya ɓaci a sami abin gwadawa. Wanda bai san lafiyar abu ba, ina zai gane ciwonsa?