Adireshin .africa da Aljihun Ɗan Kasuwar Madarunfa

A shekarar 2017 aka buɗe rajistar adireshin intanet mai ƙarewa da .africa, da goyon bayan Tarayyar Afirka, a hannun kamfanin ZACR na Afirka ta Kudu. Ya kamata ɗan kasuwar Madarunfa ya yi lissafi kafin ya zuba jarinsa.

Sunan nan haya ce. Kowace shekara sai an biya, in aka yi sake wani ya ɗauke shi. Abokan cinikinsa na Ɗan Isa, Jibiya da Katsina kuwa ta WhatsApp suke tambayar farashin wake da aya. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, ba adireshin da ya ƙetarar da ko buhu ɗaya. Mai kai kaya Akara ko Abijan ne kaɗai .africa za ta iya yi wa rana.

Ma'aikatun gwamnati kam ba su da uzurin neman wani laƙabi, tunda Nijar na da nata .ne tun 1996. Duk takardar hukuma mai ɗauke da adireshin Gmail ko Yahoo, wasiƙun ƙasa ne aka bar su suna kwana a rumbun kamfanin Amurka.