Kafin a ɗauko itacen kurmi, a waiwayi maje da gauɗe

Wani aminina da ya gama ginin gida a Kiru ya kira ni bara, farkon damina, in zo in ga abin da ya dasa a tsakar gida. Dashe biyu ne ya sayo a hannun masu sayar da furanni a Abuja, aka ce masa sunan itacen ilang-ilang, kuma idan ya yi fure har maƙwabta sai sun ji ƙanshi. Har watan Oktoba suna nan shar. Da hunturu ya shigo sai bakin ganyen ya fara ƙonewa. Safe da yamma yara na ɗibar ruwa daga rijiya suna zuba musu, amma kafin bazara ɗaya ya bushe ƙurmus, ɗayan kuma ya koma sanda mai ganye huɗu.

Mai sayarwar bai yi ƙarya ba a kan ƙanshi. Asalin itacen daga kurmin Filifin da Indonesiya yake, furensa rawaya ne mai dogayen harsuna da ke reto. A tsibiran Komoros da arewacin Madagaska noma shi ake yi, ana datse kansa don hannu ya kai, a tsinki furen da asuba a tace mai. Man nan yana cikin turaren Chanel No. 5 da ya fito a 1921. Abin da ba a faɗa wa aminina ba shi ne, itacen ya saba da iska mai laima kusan duk shekara.

Kudancin Kano yana ruɗin mutum a watan Agusta. Wanda ya bi ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya nufi duwatsun Riruwai zai ce ai nan komai zai yi, kuma gaskiya ne Doguwa, inda duwatsun suke, ta fi birnin Kano samun ruwan sama. To amma daga Nuwamba zuwa Afrilu fa? Ban ruwa saiwa yake jiƙawa, ba ya jiƙa iskar da ke tsotse ganye. Mai lambu a gefen madatsar Tiga, wanda zai iya kare dashen da katanga daga iskar arewa maso gabas, ya rufe gindinsa da ciyawa, ya yi masa rumfa a shekarun farko, yana iya gwadawa, ban hana shi ba. Gidan da rijiyarsa ke ja da baya a watan Maris kuwa, bai kamata ya raba ruwan sha da baƙon itace ba.

Abin da ke damuna shi ne muna da namu, kuma mun daina ganinsu. Maje yana fitar da farin fure mai ƙanshi ne da rani, daidai lokacin da baƙon ke shan wuya, ba tare da an zuba masa ko moɗa ɗaya ba. Ƙaronsa ma turaren wuta ne da iyayenmu suka sani. Babban itace ne, don haka wurinsa filin makaranta, harabar masallacin Juma'a da gefen titi. Tsakar gida ta gauɗe ce. Ba ya tsawo, furensa fari ne da ke komawa rawaya idan ya kwana, kuma duk wanda ya taɓa wucewa kusa da shi da yamma ba ya manta ƙanshin. Da 'ya'yansa ne 'yan mata a da suke zane a fuska ranar kasuwa. Ga kaɗanya da ƙudan zuma ke rufewa idan ta yi fure cikin hunturu, ga lalle da ake iya yin shinge da shi, wanda yawancinmu ganyensa kawai muka sani.

Za a ce ba sa saurin girma. Haka ne, kaɗanya kan kai shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya. Amma aminina ya riga ya yi asarar shekara guda, kuma buhunan gawayi da kayan itace da ke jere a bakin hanyar Falgore suna nuna cewa manyan itatuwan da muka gada ba za su jira mu ba.

Matsalar ita ce ko ka so dashen gauɗe ko na maje, da wuya ka samu a wurin masu rainon itatuwa, domin abin da ake tambaya suke rainowa. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Ina roƙonta, tare da sassan aikin gona na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, su tara irin waɗannan itatuwa su raine su a leda, su koya wa matasa yadda ake yi, a fara da makarantun firamare.

Aminina dai ya tone ramin da mataccen dashen ya bari, ya zuba taki. Wani manomi a wajen Tudun Wada ya yi mana alkawarin 'ya'yan gauɗe daga gefen gonarsa, da zarar sun nuna za mu je mu karɓo.