Bayani A Kan Matakan Injiniyan Jirgin Ruwa Da Rabon 'Ya'yan Zamfara

 Tun shekarar 2023 da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku, maganar aikin jirgin ruwa ta yawaita a bakin mahukunta. Ya kamata mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su san inda maganar ta dosa, domin akwai abinci a cikinta, kuma rabon ba ya zuwa ga wanda ke barci.

Wani zai ce me ya haɗa mutumin da bai san ruwa ba sai Gagare da Bunsuru da teku? Amsa ita ce, alaƙar tsohuwa ce. A shekarar 1929 reluwe ya iso Ƙaura, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, daga can a zuba su cikin jirage zuwa Ingila. Dukiyar ƙasar ta daɗe tana ƙetare teku, 'ya'yanta ne ba su bi ta ba.

To, ilmin injin jirgi hawa hawa ne, kamar yadda almajiri ke tashi daga allo ya zama gardi, sa'an nan alaramma. Ƙa'idodinsa ba Nijeriya ta ƙago su ba. Hukumar teku ta duniya da ke London ta tsara yarjejeniya a 1978, aka gyara ta a 1995, aka sake gyara ta a Manila a 2010. A nan gida kuwa hukumar NIMASA, wadda aka kafa a 2006, ita ke jarrabawa, ita ke ba da takardar shaida.

Matakin farko shi ne injiniya mai tsaron ɗakin inji a jirgin da ƙarfinsa ya kai kilowat 750. Sharaɗinsa shekara 18 da haihuwa, da karatu a makarantar da aka yarda da ita, da wata 12 na koyon aiki da hannu, wanda aƙalla wata 6 daga ciki a kan teku za a yi su. Mataki na biyu shi ne mataimakin babban injiniya a jirgi mai kilowat 3,000 ko fiye, kuma ba a shiga jarrabawarsa sai an ƙara wata 12 a teku bayan takardar farko. Na uku shi ne babban injiniya, wanda ran kowa da ke cikin jirgi ke rataye a wuyansa bayan ikon Allah. Wannan sai an yi wata 36 a teku, ko wata 24 in an yi 12 daga ciki a matsayin mataimaki. Kuma kowace shekara 5 sai an sabunta takarda, kamar mahaddacin da ba ya barin tilawa.

Mai hankali zai lura cewa kowane mataki da watannin teku ake auna shi, kuma a nan gizo ke saƙa. Makaranta akwai ta: ta Oron a jihar Akwa Ibom tana koyar da wannan fanni tun wajen 1979, ga kuma jami'ar teku a Okerenkoko ta jihar Delta. Abin da babu shi ne jirgi. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, a kansa ne injiniyoyin farko suka koyi aiki, amma ya rushe a 1995. An yi dokar 2003 wadda ta keɓe zirga-zirgar gaɓar Nijeriya ga jiragen 'yan ƙasa, sai dai doka ba ta ƙera jirgi. A 2008 NIMASA ta fara aika samari karatu ƙasashen waje, irin su Indiya da Masar da Filifin, amma da yawansu sun dawo sun zauna shekaru suna jiran jirgin da za su cika watanninsu. Wanda ya yi karatu bai hau teku ba, daidai yake da wanda ya haddace babin alwala bai taɓa ruwa ba.

Ga 'ya'yan arewacin Zamfara kuwa, cikas ɗin ya fara tun daga tushe. Ba a shiga Oron sai da sakamako mai kyau a lissafi da Turanci da kimiyya. Yaron Zurmi ko Shinkafi da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, a ina zai koyi waɗannan? A 2021 sai da aka rufe makarantun jihar bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun. Duk shekarar da aji ya zauna a rufe, an yanke wa wasu yara wannan hanya tun ba su ji labarinta ba.

Saboda haka abubuwa uku sun wajaba. Na farko, gwamnatin jiha in za ta ɗauki nauyin ɗalibi, kada ta tsaya ga kuɗin makaranta. Ta nemi a rubuta mata jirgin da zai hau da watannin da zai yi tun kafin ya tafi, in ba haka ba an yi shuka a idon makwarwa. Na biyu, kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, ita ce ƙofa mafi kusa. Wanda ya ƙware a injin dizal da lantarki da walda a nan, ya riga ya riƙe rabin abin da ɗakin injin jirgi ke nema, ko da yake sai ya ƙara karatun teku kafin a yarda da shi. Na uku, iyaye su kiyayi dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin takarda ba tare da hawa jirgi ba. Ana bincikar takardu a tashoshin duniya, ta jabu kuwa ba ta jawo komai sai kunya da kora, ban da zunubin jefa rayukan mutane cikin haɗari.

Masu tsoron addinin 'ya'yansu su kwantar da hankali. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana hukuncin salla a cikin jirgi da kasarun matafiyi, kuma neman halal ibada ne a tudu ko a ruwa. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara, ya buɗe makarantunta, ya sa albarka ga masu neman sani, amin.