Dajin Rugu Ba Shagon Katakon Jita Ba Ne

Saurayin da ya ƙudiri aniyar haɗa jitarsa ta farko a Batsari, irin mai tsirkiya huɗu da kaurin murya wadda makaɗa ke kira bes, shawara ɗaya yake ji ta kowace kusurwa: ya nemo madaci don gangar jiki, madobiya don allon da yatsu ke dannawa. Haka intanet ke faɗa masa, haka 'yan katako ke jaddadawa. Gurguwar shawara ce, kuma ba shi kaɗai zai biya kuɗinta ba.

Jitar lantarki ba molo ba ce. A molo, akushin da fatar da aka ɗaura masa su ne ke haifar da amo. A bes kuwa, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya ne ke ɗaukar kaɗawarta ya mayar da ita lantarki, lasifika ta ƙarasa aikin. Katako yana da ɗan tasirinsa, amma ba irin wanda kunnen sabon shiga zai tantance a filin biki ba. Leo Fender, wanda ya fito da Precision Bass a Amurka a 1951, da itacen da ke wadace a kasuwar ƙasarsa ya yi aiki. Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntigi, kayan kiɗan da ake haɗawa da gwangwanin kifi. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko.

Su kuwa itatuwan da ake zuga saurayin ya nema, an riga an ci musu zarafi. Kasuwar kujerun alfarma ta ƙasar Sin ta yi wa madobiyar Afirka ta Yamma wawaso, dazuzzukan Taraba shaida ne, har yarjejeniyar CITES ta sanya ta a jeri na biyu na nau'ukan da ake taƙaita cinikinsu daga 2017, sannan aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Madaci ya shiga wannan jeri a taron Panama na 2022. Masu ƙera jita ma sun ɗanɗana: a 2012 kamfanin Gibson ya biya tarar dala 300,000 kan katakon da aka shigo masa da shi daga Madagaska.

Mai musu zai ce jita ɗaya ba ta ƙarar da daji, gawayi da itacen girki ne ke cinye Rugu. Gaskiya ne, ba a ja. Sai dai ba a sare rabin bishiya. Don falle guda na allon yatsu, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba, iccen da ya shekara aru-aru ko gomiya yana tsaye ne zai kwanta. Kuma ɗan boko mai albashi, wanda ba ya tayawa idan ya ji sunan madobiya, shi ke koya wa mai zarto abin da ya kamata ya farauto gobe. Ga wata tambayar da ba a son yi: dajin da ya ratsa Safana da Batsari ya shafe shekaru yana maɓoyar 'yan bindiga, har noma da kiwo sun gagari ƙauyukan gefensa. Wanda ya shiga da zarto ya fito da gungume lafiya, da yardar wa ya shiga?

Abin da bes ke buƙata daga katako bushewa ne da miƙewa. Tsirkiyoyin nan huɗu suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai na babban mutum, dare da rana. Ɗanyen katako, ko da madacin ne, zai sha iskar hunturu ya tsage, damina ta zo ya kumbura, wuya ya lanƙwashe duk da sandar ƙarfen da ake binnewa a cikinsa. Kafintoci na ƙiyasta shekara guda ta shanya ga kowane inci na kauri. Gungumen da aka saro wata biyu da suka wuce bai ko kama hanya ba.

Busasshen katako kuwa yana nan cikin gari. Tsohon ƙyaure, ƙafar gadon da aka daina kwana a kai, teburin ofis da aka jingine a bayan sito: sun ga hunturu ashirin, sun gama duk motsin da za su yi, wasunsu ma madacin ne. Ga bedi, wanda ya cika titunan Katsina har an raina shi, alhali dangi ɗaya suke da madaci a ilimin tsirrai, kuma gara ba ta cika kusantarsa ba. Malaina ba ta da nauyi, kafaɗar da za ta rataya jita awa uku za ta gode. Don wuya, a zaɓi fallen da zarensa ya miƙe ba ƙulli, a tsaga shi uku, a juya na tsakiya, a manne. Kuɗin da ya rage a kai shi ga maganaɗisu da tsirkiya masu kyau, waɗanda ba sa tsirowa a Rugu.